Katangar Gwaggo da Ƙadangarun Farfesa

Zuwa ga ƙanwata, Uwar Ƙadangaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya ɗalibai, ya zaman tsakiyar ruwa? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Matata da yara suna gaishe ki. Gwaggonki ma tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko a tsibirin nan da kika je bincike babu alƙalami ne. Wannan ce takarda ta uku da na rubuto miki tun da kika shiga jirgin ruwa. Waya kuwa ba a maganarta, kullum sai dai wata mata ta ce mini ba a samunki.

Da farko dai, barka! Muna karyawa muka ji a rediyo an ba ki lambar yabo. Mai labarai har yana cewa bincikenki a kan ƙadangaru ana koyar da shi a jami'o'in ƙasashen da ni ban ma iya faɗin sunansu ba. Gwaggo ta ajiye kofi ta fashe da kuka, can kuma ta koma dariya. Ta ce, "Marainiyar ƙanena da na raina tana yawo da zargen kama ƙadangaru a bayan gida, yau ita ce a rediyo!" Maƙwabtan da suke ce miki mai taɓin hankali a da, su ne suka yi ta shigowa yi mana barka har la'asar.

Idon Gwaggo dai sai a hankali. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama haske kawai yake gani. Ba ta yarda a riƙe mata hannu, kin san halin uwata. In za ta banɗaki daga ɗakinta, katangar bayan gida take bi da tafin hannu har ta kai. Kwanaki wani dutse mai kaifi ya tsaga mata hannun, ga ciwon sukari, sai da muka sha jelen asibiti kafin ya kame. Na gaya miki wannan a takardun baya.

To, ga albishir. Katangar dutsen nan da Kakanmu ya gina, wadda kike zuwa duk shekara ki kama ƙadangarunta ki auna musu yatsu, ruwan bana ya sa ta fara sunkuyowa wajen ɗakin Gwaggo. Na ce ba zai yiwu ƙanwata tana rediyo, manyan baƙi su biyo ta su tarar da wannan kango ba, alhali yayanta magini ne. Na kwaso leburorina na yi mata ginshiƙai biyu, na toshe duk wata tsaga da rami, na yi mata filasta sumul, na bi ta da farin fenti. Kafin mu fara sai da na sa aka bubbuga aka kori ƙadangarun, ko ɗaya ban rufe a ciki ba. Wallahi ko gidajen manya da nake yi ban taɓa zuba hannu irin wannan ba. Yanzu Gwaggo tana bin ta kamar tana shafa kan jariri.

Wannan ce tawa gudummawar ga lambar yabonki. Sai kin zo kin gani.

Naki,
Yayanki magini

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina fatan kowa lafiya. A gaida Gwaggo, Allah ya ƙara sauƙi.

Jirgin da ke kawo mana kaya ya kawo takardunka uku a ɗaure wuri ɗaya. Na fara da ta ƙarshe.

Filasta? Filasta, Yaya? Wa ya aike ka? Wa ya roƙe ka? Sau nawa na tsaya a tsakar gidan nan na ce kome za a yi kada a taɓa katangar nan? Na faɗa da baki, na faɗa a waya, har hannunka na taɓa riƙewa na ɗora a kan dutsen na ce, "Yaya, wannan bar mini shi yadda yake." Ka yi dariya ka ce to. Ashe a ranka jira kake in ba da baya.

Bari in yi maka bayani, tunda a gidan nan ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya tambaye ni me nake yi, sai dai a kira ni Uwar Ƙadangaru a sheƙe da dariya. Ƙadangarun unguwa da suke rayuwa a kan katangun siminti masu santsi, zuri'arsu tana canzawa a hankali. Yatsunsu suna ƙara tsawo, faratansu suna ƙara lanƙwasa. Dalili kuwa, wanda bai iya riƙe bango mai santsi ba yakan faɗa bakin kyanwa kafin ya haihu, wanda ya iya shi ke barin 'ya'ya, 'ya'yan su gaji yatsunsa. Amma don in nuna wa duniya cewa bangon ne ya canza su, dole in sami ƙadangarun da bangonsu bai canza ba in gwada da su. A duk faɗin garin nan katangar dutse ɗaya ta rage. Tamu. Shekara ashirin da 'yan kai ina bin waɗannan dabbobi. Na san uwar kowane, na san kakarsa, ɗigon fentin da kake gani a bayansu ba kwalliya nake yi musu ba. Duk abin da na rubuta aka buga, duk ɗalibin da ya sami digiri a hannuna, har lambar yabon da kuka ji kuna karyawa, duka a kan wannan "kangon" suke tsaye. Kai kuma ka zo da cokalin gininka ka mayar da ita irin kowace katanga a unguwa, kana jiran in yi maka godiya.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ina da ɗaliba, 'yar talakawa, shekara huɗu tana aikin babban digirinta a kan katangar nan, awo ɗaya ya rage mata ta gama. Da wane baki zan gaya mata yayana ya shafe mata karatu da farin fenti don kada baƙi su ga dutse? Baƙin da kake ji wa kunya, dutsen suke biyo jirgi su zo gani!

Kuma kada ka ce ba a samuna. Ka san ofishina a jami'a. Da ka shiga ka ce a isar mini da saƙo da gaggawa, da an isar. Ba ka je ba ne saboda ka san amsar da zan ba ka. Lokacin da na bar karatun likita na koma wannan fanni, kai ne kan gaba wajen cewa na zubar da ƙwaƙwalwata a rariya. Yau an faɗi sunana a rediyo, kowa ya zama nawa, amma har yanzu a idonku wasan yara nake yi.

Raina ya ɓaci, Yaya, ɓacin da ban taɓa yi ba. Ka rubuto mini nan da nan ka gaya mini ko ƙadangarun suna nan ko sun watse, da kuma masu wane launin fenti kake gani.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga Farfesa,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Tunda kin tambayi lafiyar "kowa", to kowa yana nan. Gwaggo ma tana nan, hannun yana mata ƙaiƙayi in an yi ruwa, ba ki tambaya ba amma na faɗa.

Na ga takardarki. Gwaggo ta sami layi ɗaya, ƙadangare ya sami shafi uku. Madalla, karatu ya yi rana.

Sannan ranar da kika fito gari kika sami waya, kin kira ni ina kan bene ina aza bulo, kina zazzaga mini ihu har leburorina suna ji suna sunkuyar da kai. Ni da na goya ki, na kai ki makaranta a kan kekena. Na kashe wayar, kuma na rufe lambarki, ki sani ba matsalar layi ba ce. Mai magana da ni ya yi ta a takarda, a nan ba a ɗaga wa mutum murya.

Kin ce ba mu taɓa tambayarki me kike yi ba. Ke kin taɓa tambayarmu yadda muke zaune da katangarki? Kina zuwa sati biyu a shekara da hula da sanda da ɗalibai, ku auna ku rubuta ku tafi. Sauran watannin wa yake nan? Shekara ashirin matata ba ta ajiye kyanwa ba saboda ke, ɓeraye sun mayar da ɗakin girkinmu gidan ubansu. Shanya ba ta kwana fes, sai an sake ɗauraye kashin ƙadangare. Kunama daga ramukan nan take fitowa, maciji ma sau biyu. 'Ya'yana sun sha duka a hannuna don sun jefi ƙadangare, duka da nake yi ina jin kunyar kaina. Mutum ya zo ba ni aikin gini, ya leƙa tsakar gida ya ga katanga ba filasta, ya dube ni ya dubi katangar, ya ce zai dawo. Duk wannan mun haɗiye, saboda ke tamu ce, kuma ban taɓa rubuto miki ƙorafi ba.

Amma bana katangar ta sunkuyo. Na sa igiya na auna, idona bai yi mini ƙarya ba, kuma abin da ke ƙarƙashinta gadon da uwata ke kwana a kai ne. Kin ce kin fara da takardar ƙarshe. To ina tambayarki tsakaninki da Allah, kin koma kin buɗe biyun farko? A ciki na gaya miki yadda na tarar da Gwaggo a durƙushe a gindin katangar jini yana bin gwiwar hannunta, ba ta kira kowa ba don kada a ce ta zama kaya. A ciki na tambaye ki yaya za a yi. Na jira, shiru. Na sake jira, shiru. Ruwa kuwa bai san kina tsibiri ba.

Kika ce in je ofishinki. Na taɓa zuwa ofishin nan, kin manta? Mai gadi ya tsayar da ni a ƙofa saboda siminti a wandona, kika aiko a ce mini kina taro.

Ginshiƙi kaɗai zai riƙe katanga, na sani, ba sai an koya mini aikina ba. Filastar don hannun Gwaggo na yi ta. Fentin kuwa, na amsa, don ke na yi, na ɗauka abin alfahari ne. Ashe ban san komai ba.

Game da 'ya'yanki, kwantar da hankalinki, ba su je ko'ina ba. Rana tana fitowa suke fitowa daga cikin tarin itace su nufi katangar. Wasu su fara hawa su zame su faɗo tim, su sake, su sake faɗowa. Wasu kuwa su maƙale su haye har can sama su yi ta gyaɗa kai. Yara har zama suke yi suna kallo suna dariya, ita ce talabijin ɗinmu yanzu. Launin fenti kuwa ki zo ki duba da kanki, ni ba ɗalibinki ba ne.

Magini

*

Yaya,

Salam. Ina fatan gida lafiya. Ni na dawo jami'a, jikina ba daɗi, hawan jinina ya tashi, kuma ka san wanda ya tayar da shi.

Wato ba'a ma kake yi mini. Aikin rayuwata ya zama talabijin ɗin yaranka, suna faɗowa kuna dariya. Na gode.

Kyanwa, ɓera, shanya. Don me ba ka faɗa ba tun tuni? Ka haɗiye ka haɗiye, yau ka amayar mini da shi a fuska kamar ni na ce ka yi shiru. Wannan ai ba haƙuri ba ne, ajiya ce, kana tara ta don irin wannan rana. Maganar mai gadi kuma, ina gaban kwamitin da zai yanke ko a ci gaba da binciken ko a rufe shi, ka so in taso in bar su? Na fito na neme ka ka riga ka yi zuciya ka tafi. Kullum haka kake, ka yi abu a kan gaban kanka, sannan ka hau dokin fushi kafin a yi maka magana.

Hannun Gwaggo abin tausayi ne, ba wanda ya fi ni jin ciwonsa, kada ka yi mini gorin uwa, ni ma ita ta ciyar da ni da hannunta. Amma kai magini ne. Ƙarfe nawa ne za ka kafa mata ta riƙa dafawa? Igiya ma ta isa. Ga kuma ɗakin gaba, kusa da banɗakin ciki, ka cika shi da buhunan siminti da katakai. Tsohuwa mai ciwon ido me ya haɗa ta da ɗakin bayan gida tun farko? Hanya goma ce a gabanka, ka zaɓi wadda za ta kashe ni.

Na zauna da shugaban sashenmu, na zauna da ɗalibata, yarinyar nan kuka ta yi mini har na rasa inda zan sa idona. Abin da ya rage mana ɗaya ne. In aka sassaƙe filastar yanzu, aka buɗe ramukan kafin ƙadangarun su gaji su bazu cikin unguwa su gauraye da na siminti, za mu iya cewa shekara ɗaya ce ta lalace, mu ɗora daga inda muka tsaya. In aka bari damina ta wuce, shi ke nan, an binne shekara ashirin.

Saboda haka ga maganata, kuma ba shawara nake nema ba. Ka bar ginshiƙanka, ka cire filastar duka. Ka kwashe tarkacenka daga ɗakin gaba a mayar da Gwaggo can. In kuwa ka ce a'a, ka tuna gidan nan na Kakanmu ne, rabon mahaifina yana ciki, ban taɓa ɗaga maganar ba saboda zumunci. Zan ɗaga ta. A raba gidan, in ɗauki ɓangaren baya da katangar da ɗakin da ke jikinta, in ja shinge, kowa ya san iyakarsa.

Ban so mu kai nan ba, kai ka kai mu.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya yara? Shiru shiru, damina har ta fara ja da baya ban ga amsarka ba. Na kira ya fi a ƙirga, lambata tana nan a rufe. Na kira matarka, ta ɗauka ta ji muryata ta kashe. To na ji, ku yi ta fushinku, amma wannan takardar ka karanta ta a tsaye, kada ka ajiye ta sai ka dawo daga aiki.

Kada ka taɓa filastar nan. Ka ji ni? Kada ka taɓa ta.

Jiya na ɗauko takardarka don in nuna wa wani abokin aikina irin cin fuskar da ka yi mini. Ina karanta masa inda ka ce wasu suna zamewa suna faɗowa, wasu suna hayewa har sama, sai ya riƙe mini hannu ya ce in maimaita. Na maimaita. Yaya, ka san abin da ka yi kuwa? Shekara ashirin ina gwada ƙadangarun dutse da na siminti, kullum masu suka suna ce mini ban ga canjin da idona ba, bayan ya faru na iso. Yanzu ga ƙadangarun da na san awon yatsun kowannensu, na san iyayensu, rana ɗaya bangonsu ya koma mai santsi. Zan ga wa ke hawa, wa ke faɗowa, wa zai rayu ya haihu, 'ya'yan wa za su cika katangar baɗi. Ba hukumar da za ta ba ni izinin in yi wa dabbobi haka da gangan, ba kuma wanda ya taɓa samun irin wannan a duniya. Ɗalibata tsalle ta yi ta yi a ofis. Wannan ya fi duk abin da na taɓa bugawa, lambar yabon nan ba komai ba ce a kansa.

Ban ce ka yi daidai ba, kada kanka ya kumbura. Har gobe ina nan a kan cewa ka raina ni ka raina aikina, kuma sai mun zauna a kan wannan. Sa'a ce kawai ta faɗo mana ta hannunka.

Muna tafe ni da ɗalibai uku da zarar an ba mu mota. Kafin nan a hana yara matsawa kusa, kada a kwashe tarin itacen nan, kuma don Allah kada matarka ta ce yanzu ta sami damar kawo kyanwa.

Maganar rabon gida ka manta da ita, zafin rai ne. Gwaggo ta zauna a ɗakinta, ka ga kowa ya huta. Ya hannun nata? Ka gaishe ta.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, matata da yara lafiya. Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye kamar yadda kika ce, a tsakar gida, ina kallon katangar.

Babu filasta. An cire ta tun tuni.

Waccan takardar taki ta rabon gida ba ni ta tarar ba, ina wurin aiki. Kin san Gwaggo, in ta ji an ce ga saƙonki ba ta iya jira. Ta sa matata ta buɗe ta karanta mata. Matata ta yi ta karantawa har ta kai inda kika ce tsohuwa mai ciwon ido me ya haɗa ta da ɗakin baya, sai ta tsaya ta ce rubutun ya caɓe. Gwaggo ta ce, "Ci gaba. Idona ne ya mutu, kunnena yana nan." Ta ji komai, har shingen.

Da na dawo na tarar da ita zaune a bakin gado ta ɗaure kayanta a zane. Ta ce, "Ka cire wa yarinyar nan simintinka." Na ce ba zan cire ba, ta kai ni duk inda za ta kai ni, a raba gidan in ga wanda zai fitar da uwata daga ɗakinta. Ta ce, "Ba za a shiga gaban alƙali da gidan ubana saboda tafin hannuna ba." Na ce Gwaggo ki bari in ba ta amsa tukuna.

Washegari da safe ina alwala na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayan gida. Na zagaya na ganta tsaye, ta lalubo dutse a ƙasa tana dukan filastar da hannun nan da aka ɗinke. Na karɓe dutsen. Na shiga na ɗauko guduma. Ban kira lebura ko ɗaya ba, ni na shafa, ni na sassaƙe, kuma ban taɓa yin aikin da na tsana irin wannan ba. Na yi ta duka ina tsine wa ƙadangare da wanda ya fara auna shi, Allah ya yafe mini. Yanzu ga ramukanki nan a buɗe, duwatsun sun ma fi da kaifi.

Ɗakin gaba na kwashe shi, na share, na sa labule. Ta ƙi shiga. Ta ce ɗakin da aka kai ta tana amarya ta bari ta dawo ɗakin bayan nan da ubana ya rasu, a nan ta raine ni, a nan kika yi rarrafe, in ba za ta zauna a cikinsa ba to ba za ta zauna a gefe tana jin ana jiran ta matsa ba. Ta sa na kira Auta, ƙanwata, ta zo da mota ta tafi da ita garinsu. Kin san gidan Auta, hawa na uku ne, ɗaki biyu da yara biyar. Tun da aka hau da ita ba ta sauko ba. Auta ta ce da safe takan tashi ta miƙa hannu tana lalube, sai ta ci karo da firiji ta tsaya.

Jiya na je na karanta mata sabuwar takardarki, ban tsallake komai ba. Na ce ta dawo, in sake yin filasta ko da hannu ɗaya ne. Ta ce a'a. Ta ce yau an ce ta zauna saboda ƙadangare yana son santsi, gobe in ya so dutse fa? In ke kina da amsar da za a ba ta, kin san hanyar gidan Auta.

Kin sake karanta takardata har kika tsinci layin ƙadangaru masu faɗowa. Layin da na ce na tarar da ita a durƙushe cikin jini yana sama da shi kaɗan, a shafi ɗaya. Ina jin haushinki, ƙanwata, haushin da ban san ranar da zai sauka ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Tunda za ki tambaya: ƙarar guduma ta kore su. Sun bazu gidajen maƙwabta, na ga mai jan ɗigo a katangar mai shagon bakin titi, wasu kyanwar gidan baya ta gama da su. 'Yan kaɗan sun dawo, ba su kai yatsun hannu ba. Babu mai zamewa yanzu, kowa hawa yake yi. Ku zo ku auna abin da kuka samu, ƙofa a buɗe take, ɗakin baya ma babu kowa, ɗalibanki za su iya sauka a ciki.

Da zan taho Gwaggo ta riƙe mini riga ta ce in ba ki saƙo, na yi mata alkawari, ga shi. Ta ce zaren da kike ɗaura zarge da shi, irin wanda take murza miki tun kina ƙarama, ta bar miki wani a kan taga, ta murza shi kafin ta tafi. Ta ce kuma ki riƙa sa hula in za ki tsaya a gindin katangar, rana tana sa miki ciwon kai.

Yayanki